Yasmine Ba Ta Ɗauki Komai Ba

Libreville, Gabon
Maris, 1995

Zuwa ga Yaya Fadima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar girma, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Malam da yara duka. An sha ruwa lafiya, an yi sallah lafiya? Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Ya ƙafar taki? Ina fata kin daina taurin kan tafiya kasuwa a ƙasa. Mu nan muna nan dai. Ilyas ya fara famfara, yana ta yawo da wawulo, Yasmine kuma ta kusa kamo ni tsawo. Ni kuwa ina ci, ina barci, ina buɗe shago, amma in kin tambaye ni abin da nake ji a raina, ban sani ba.

Wataƙila kafin takardar nan ta iso, ƙaninki, maigidana, ya riga ya yi sallama a gidanki. A tsakiyar azumi 'yan sanda suka tare shi a hanyar unguwar Glass, ya je saro kaya, katinsa na zama ya ƙare. Tun bara da aka karya darajar kuɗin sefa yake cewa zai sabunta in kasuwa ta gyaru, kasuwa kuwa ba ta gyaru ba. Maƙwabcinmu Saliou ya ce ya hango shi cikin baƙin da aka zuba a jirgin ruwa mai zuwa Legas, da rigar da ya fita da ita. Nawa katin da sauran kwana, shi ya sa muke nan. Na san gidanki zai fara sauka, kuma duk duniya ke kaɗai ce in kin yi magana yake sunkuyar da kai. Amma ba kamun ne ya sa na rubuto ba. Maganar Yasmine ce.

Kin san yadda muke yi, yaro yana fara wayo ake ɗora shi a benci a shago ya koyi ciniki. Haka aka yi wa Yasmine, kullum ta taso makaranta sai shago. Babanta har abokai yake kira su zo su ga yadda take ba da canji ko kai ba ta ɗagawa. Malamanta suna ta aiko cewa lissafinta yana ƙasa, shi kuma ya yi dariya ya ce lissafin Faransa ne bai san ciniki ba. A kan haka muka zauna shekara da shekaru.

Sai aka karya sefa. Farashin safe daban, na yamma daban. Nan take yarinya ta rikice, wani ta ba shi canji ya yi yawa, wani ya yi kaɗan, in an tashi da yamma ciniki bai cika ba. Babanta ya ce wadda ta yi shekaru ba ta kuskure ba ba za ta manta a wuni ɗaya ba, ɗauka take yi. Ya zazzage jakarta bai ga komai ba, rashin ganin ma ya ƙara masa zargi. Bai taɓa ta ba, da ma dukan ya yi a wuce wurin. Rantsuwa ya yi ba zai sake kiran sunanta ba sai ta faɗi inda take kai kuɗin. Shekara guda ke nan "ke" yake ce mata, ko ya aiki Ilyas. Kullum da asuba tana ajiye masa buta a bakin ƙofa, yana tsallake ta ya je ya ɗebo da kansa. Kin san jinin gidanku, ba sai na yi miki bayani ba.

Malamar ajinsu, Madam Aïssatou, ita ta kira ni. Ta ce yarinyar da ke karatu kamar mai labarai a rediyo amma ba ta iya duba agogo, ba gardama ake yi a kanta ba, aunata ake yi, kuma akwai wata mata a unguwar Batterie IV da wannan ne aikinta. Da na gaya wa ƙaninki, cewa ya yi ba zai biya a rubuta wa ɓarauniya takardar likita ba. Ni dai na je na karɓi ranar ganin matar. Ranar ba ta zo ba sai bayan an tafi da shi. Na shirya yarinyar muka tafi, don a lokacin zaman gida da fita duk ɗaya ne a wurina.

Matar ba allura ta yi mata ba, ba ta kuma ba da magani ba. Maɓallan riga ta zuba a tebur kashi biyu, ta ce wanne ya fi yawa. Abin da Ilyas zai faɗa da kallo ɗaya, sai da Yasmine ta bi su da yatsa, ta ɓace, ta sake farawa. Aka tambaye ta bakwai da tara wanne ya fi girma, na ga leɓenta yana motsi, daga ɗaya ta faro. Da aka zo karatu da hadda kuwa, matar da kanta ta ajiye biro tana saurare. Can ta tambaye ta a hankali yadda take ba da canji a da. Yasmine ta ce haddacewa ta yi kamar sura: in an ɗauki gwangwanin madara aka miƙo takarda mai launi kaza, ga sulallan da ake mayarwa. Duk kayan shagon nan haka ta riƙe su a ka, ba ta taɓa sanin me ya sa ba. Da farashi ya canza, haddar ta tashi a banza, ta kuma ji kunyar ta ce ba ta taɓa iyawa ba bayan duk yabon da aka sha yi mata.

Matar ta ce sunan abin diskalkuli. Ba lalaci ba ne, ba daƙiƙanci ba ne, da shi ake haihuwar wasu, kamar yadda wani idonsa lafiya lau amma ba ya bambance launi. Ba ya warkewa, sai dai ana koya musu ta wata hanya, da abin da hannu zai taɓa, da haƙuri, kuma a daina tsayar da ita gaban mutane a kan canji. Na saurara har ƙarshe, na yi godiya. Na zaci zan yi kuka ko in ji sanyi, ban ji ko ɗaya ba.

A taksi muka biyo bakin teku, da muka kusa sauka Yasmine ta ce, "Mama, wa zai gaya wa Baba?"

Ke za ki gaya masa, Yaya. Kada ki jira ya huta, kada ki bari sai ya warware gajiya, don in ya huta gardama zai yi. Ki zaunar da shi ki ce 'yarsa ba ta taɓa ɗaukar komai ba, don ta faranta masa ta haddace shago guda. In ya kawo maganar rantsuwa, Malam ya san yadda ake kaffara. Ba na neman ya ba kowa haƙuri. Ki sa ɗanki Abdulƙahar ya samo kaset, a danna wa babanta a ɗauki muryarsa, ya kira sunanta ko sau ɗaya ne, a ba masu zuwa nan su kawo. In kuma ya ƙi, ki rubuto min gaskiya, in san ranar da zan daina ce mata saƙo ne bai iso ba tukuna.

Ki gaishe min da Malam da kyau, da Abdulƙahar da amaryarsa Sadiya, da Taufiƙ, da Inna in kin leƙa. Ilyas yana gaishe ki. Yasmine ma ta ce a gaishe ki, ta kuma ce a gaida Baba in ya iso. Allah ya sada mu da alheri.

Taki,
Raliya, matar ƙaninki