Shanun da Aka Sare a Bakin Kanal

Zuwa ga aminina Buba, duk inda Allah Ya ajiye ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abin kiwo. Ni ne Sani ɗan Malam Idi na gefen Bunkure, wanda kake tsokana wai ban san gaban saniya da bayanta ba.

Ban san ko takardar nan za ta riske ka ba, shi ya sa na bayar a buga ta. Masu karatu dai za su gani, su san abin da aka yi maka.

Ka tuna bayan fari, da gwamnati ta ce ta samo wa yunwa magani? Aka jawo ruwa, aka shata kanal, malaman gona suka zo da irin alkama da takin zamani. Mun yi murna, ba zan ɓoye ba, mun ci mun ƙoshi da rani. Amma wanda ya zana aikin a ofis bai taɓa tambayar ta ina shanu ke bi ba. Burtalinku ya koma gonar alkama. Karan da shanunku ke ci bayan girbi su bar mana taki, shi ma ya ƙare, don gona ta daina hutawa.

A shekarar da aka matsa wa kowa lamba sai ya shuka alkama, wata rana bayan azahar, shanu suka ji ƙamshin ruwa suka ƙwace maka, suka ratsa gonar maƙwabcinmu Tanko. Kafin ka tare su an yi kururuwa, gari ya fito da adda da gora da barandami.

Buba, har yau ina jin kukan shanun nan. Jijiyar ƙafa ake fara sarewa, saniya ta durƙusa, sannan a bi ta wuya. Wata ta faɗa kanal hanjinta a waje. Ruwan da aka kawo mana ya yi jajur, haka ya gangara cikin tumatir. Ka shiga tsakani da sandarka kana kiran mutane da sunayensu, mutanen da suka sha nonon gidanku. Tanko ya kai maka sara, ka kare da hannun dama. Ni na yage rigata na ɗaure hannun, ni na tsinci yatsunka a cikin laka.

Sai da ƙura ta lafa mahaifiyarka ta iso. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙa bin mushen tana nunawa: wannan ta liman ce, wannan ta Malam Idi, wannan jar ta matar Tanko ce, gadon ubanta. Akasarinsu shanun amana ne, namu, waɗanda muka ba ku kiwo tun suna maruƙa har muka manta kamanninsu. Tanko ya zube a bakin kanal ya riƙe kai. Na so ka ga fuskarsa, amma kana sume.

Washegari malaman gona suka zo suka auna alkamar da aka tattake. Ba wanda ya tambayi hannunka. Wannan kam har gobe yana ƙona mini rai.

Da ka ɗan warware sai kuka tashi ba sallama. Da safe na fito, sai ga maraƙar da saniyar babana ta bari, ɗaure a jikin darbejiyar ƙofar gidanmu. Na garzaya rugarku, na tarar da toka da turaku. Na dawo na durƙusa zan kwance ta, na gane ɗaurinka ne. Igiyar duk sawun haƙora. Da hannu ɗaya da baki ka mayar mana da amanarmu.

Ban iya kwancewa ba, yankewa na yi. Ƙullin yana nan a ɗakina, kuma ina kewarka ƙwarai.

Allah Ya saka maka, Ya ba ka makiyayar da ba wanda zai kore ka. In kana raye Ya haɗa fuskokinmu, in ka riga mu Ya haskaka kabarinka.

Naka har abada,
Sani