Ina So In Mayar Da Sunan Ma'azu, Amma Inna Tana Jiransa

Malam, ka taimake ni da sauri, suna ranar Juma'a ne! Ka yi haƙuri da rubutun, murna ce ta yi mini yawa.

Ni masunci ne a Kaoje. Matata ta haifi namiji, ƙato, lafiya lau. A makon nan kuma na je kasuwar Bagudo sai ga wani dattijo mai ɗingishi, Manu, ya ƙetaro iyaka daga ƙasar da Faransawa ke mulka yana cigiyar gidanmu. Ashe tare suka yi soja da yayana Ma'azu, wanda Turawa suka ɗauka zuwa yaƙin Jamus a Kamaru ina ɗan yaro. Tun da ya tafi ko labarinsa ba mu ji ba.

Manu ya ce an umarce su su hau wani dutse, Jamusawa na bisa suna zubo harsashi. Kowa ya kwanta, Ma'azu ya miƙe ya yi gaba, da aka harbi Manu a ƙafa kuma ya jawo shi bayan wani dutse. A nan harsashi ya sami Ma'azu a ƙirji. Manu da hannunsa ya rufe shi. Wallahi na yi kuka, amma ji nake kamar in hau jirgina in shelanta wa duk bakin kogin Kwara. Yayana namiji ne!

Na ƙudura in mayar da sunansa ga jaririn nan. To ga matsalar. Inna ba ta taɓa yarda ya mutu ba. Ta hana a yi masa sadaka, kuma duk kamun da muka yi sai ta ware kasonsa ta yi bandarsa ta ajiye masa. A gidanmu ba a mayar da sunan mai rai. Ranar da aka raɗa Ma'azu, ta san komai. In yi shiru in sa wani suna?

Ƙanen Soja, Kaoje

Ƙanen Soja, barka da arziki, Allah ya raya.

Ma'azu ya cancanci a mayar da sunansa, ban ga laifinka ba. Ɓoye wa Inna kuma ba tausayi ba ne, tunda Manu ya riga ya yi magana a kasuwa. Amma kada ka kuskura ta fara ji daga bakin maroƙi a gaban taro.

Kafin Juma'a ka kai mata Manu, tare da liman da wata tsararta. Ka rage zumuɗin nan a ƙofar ɗaki. Ba zancen dutse za ta tambaya ba. Za ta so ta ji ko ya yi kalmar shahada, ko an yi masa salla, ko ya ambace ta. Manu ya faɗi abin da ya gani kawai. Daga nan ka nemi izninta a kan sunan. In ta ƙi, ka haƙura, Allah zai ba ka wani ɗan.

Kai a makon nan ka samu jarumi. Ita kuwa a makon nan ɗanta zai mutu, don haka ka zauna kusa da ita.

Allah ya jiƙan Ma'azu, ya sanyaya zuciyar Inna.