Tun da Motoci Suka Daina Tsaya wa Baba

Nassarawa GRA, Kano.

Zuwa ga Yayana Aƙilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Nabiha da yara, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin Kanada da aka ce ya fara leƙowa. Mu nan alhamdu lillahi, damina ta yi kyau, ruwa ya fara ja da baya. Gwaggo tana nan, ƙafafunta sun gaji amma bakin ko alama. Maigidana Abban Salwa yana ta fama da aiki, Salwa kuma ta yi tsawo har ta fara ganin kanta daidai da ni. Ni kuwa tun da aka sallamo Baba daga asibiti na tattaro na dawo gida, ɗakina na Giginyu sai dai in leƙa in dawo. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda na san halinka a waya, kafin in kai tsakiyar magana ka riga ka yanke hukunci ka fara ba da umarni. Wannan karon ka daure ka karanta har ƙarshe, domin abin da aka gaya maka, wai Baba ɗan jiri ne ya ɗebe shi, ba shi ne duka labarin ba.

Ka tuna tun bara likita ya ce sukarin Baba da hawan jininsa ba za su ji magani kaɗai ba, sai ya haɗa da tafiyar ƙafa kullum. Kai ka aiko masa da fararen kambas ɗin nan. Kowace safiya idan ya idar da lazimi sai ya ɗaura su a ƙarƙashin jallabiya, ya ɗauki carbinsa ya fita, sai hantsi ya dawo. Muna ta murna, kai ma kana ta zuba masa kirari a waya. Sukari dai ya ƙi sauka, muka ɗora laifin a kan kunun gyaɗar Gwaggo, har ta yi fushi ta ce ita da ƙaninta ba za a raba su a kan kunu ba. A gefe guda kuma kai ba ka bar mu mun huta ba, kullum ga hotuna, ku da yara a hanyoyin nan naku na cikin daji, kowa da 'yar jaka a baya, kana cewa ai Kano ma ba ta rasa duwatsu ba, me zai hana mu fitar da iyali su sha iska. Abban Salwa, wanda duk abin da ka faɗa ya zauna a wurinsa, ya je ya dubo wata hanya a wajen Panisau, wadda ta ratsa cikin gonaki sannan ta hau dutse a hankali. Ya dawo yana cewa ko ƙaramin yaro zai iya, balle Baba da ya shekara yana motsa jini.

Wata Asabar da safe muka tafi, ni da shi da Salwa da Baba. Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan hana ka wannan ba. Gero ya yi kai, dawa ta fi mu tsawo, iska mai sanyi tana kaɗawa, 'yar hanyar ta bi ta ƙarƙashin ɗorawa da tsamiya, manoma suna yi mana sannu suna kallonmu da mamakin abin da ya fito da mutanen birni. Salwa tana ta ɗaukar hotunan da za ta turo maka. Baba ne a gaba, yana ba mu labarin zuwansa wurin tun yana makarantar midil. Ba mu yi wani nisa ba, don har lokacin ina hango motarmu, sai na ji labarin ya fara yankewa. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce duwatsun yake kallo. Muna isa inda hawan ya fara ya nemi wani dutse ya zauna, gumi ya jiƙa jallabiyar sharkaf, leɓensa ya yi fari, kafin in ƙarasa wurinsa ya sulale ƙasa. Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina kiran sunansa ba ya amsawa. Manoman nan ne suka yar da fartanyu suka taya Abban Salwa ɗaukarsa zuwa mota, ni kuma na rungume kansa a cinyata har asibiti, ina karanta duk abin da ya zo bakina. A raina na riga na sallama, ina tunanin yadda zan gaya maka.

Allah ya sa da sauran kwana a gaba, ya farfaɗo. Da likita ya gama aune-aunensa sai ya ce wannan jikin mutumin da ba ya tafiya ne ko kaɗan. Ka san ni, nan take na hau shi. Na ce ya sake dubawa, mahaifina shekara guda ke nan bai fasa fita ba, ni shaida ce, duk gidanmu shaida ne. Likitan bai yi musu da ni ba, ya dubi Baba kawai, Baba kuma ya juya fuska yana kallon bango. Ban gane ba sai washegari da 'yan dubiya suka fara zuwa. Alhaji Inuwa, maƙwabcinmu na gidan da ke kan kwana, yana zama ya fara faɗa, wai me ya sa muka kai dattijo hawan dutse, alhali shi duk safiya idan zai kai jikoki makaranta ba ya barin Baba ya taka ko nan da can, yana hango shi zai tsaya ya ɗauke shi. Bai rufe baki ba Malam Cornelius, tsohon hedimastan nan mutumin Wusasa, ya ce ai ranar da Inuwa ya makara shi yake samun ladan, har ma sukan yi tsere. Suka shiga lissafa wa juna sauran masu ɗaukarsa: mai kemis na bayan layi, surukin limamin masallacinmu, da wani alƙali da ya yi aiki a ƙarƙashin Baba. Suna faɗa suna dariya, kowa yana jin ya yi abin kirki. Ni kuwa ina tsaye da fulas a hannu, baki buɗe.

Ashe Baba bai taɓa wuce kwanar layinmu da ƙafa ba. A ɗauke shi, a zaga da shi makarantar yara ko a kai shi majalisar wani ya sha shayi, hantsi ya yi a sauke shi kusa da gida ya shigo mana da sallama. Gwaggo da ta ji ta tafa hannu, ta ce ita dama ta daɗe tana mamakin takalman da suka shekara suna yawo amma ba su taɓa neman wanki ba, sai dai ba a tambaye ta ba, kununta aka sa a gaba. Da muka kaɗaita da shi na tambaye shi, cikin ladabi iya yadda zan iya, don raina a ɓace yake. Ya ce shi da niyyar tafiyar yake fita, Allah ne shaidarsa. Amma mutum ya tsayar da motarsa, ya fito, ya rusuna ya gaishe ka, ya buɗe maka ƙofar gaba, da wane bakin za ka ce masa a'a? Ya ce da fari ya gwada cewa motsa jiki yake yi, suka yi dariya suka ce Allah ya riga ya hutar da shi, idan aka gan shi a ƙasa su za a zaga. Ya ce kuma ya ji kunyar gaya mana, ganin yadda kake yabonsa.

Likita bai ɓoye mana komai ba kafin sallama. Ya ce idan Baba bai fara tafiya ta gaske ba, a hankali, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, abin da zai biyo baya shanyewar ɓarin jiki ne ko abin da ya fi shi. Na ce wa Baba zan riƙa raka shi, ya ce shi ba yaron goye ba ne da 'yarsa za ta riƙa jan sa a titi. Na ce direba ya riƙa kai shi bayan gari inda ba a san shi ba, ya ce ya ga bayan gari, ya ishe shi. Ya kuma ja mini kunne cewa kada in kuskura in kai zancen ciwonsa gidajen mutane. Da ya ji ƙarfi ya fita, na laɓe a bakin get ina kallo, ko kwanar bai kai ba motar Alhaji Inuwa ta tsaya, na ga ƙofa ta buɗe, na ga Baba ya shiga.

A ranar na yi abin da ya hana ni. Na saka mayafina na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, na roƙe su don girman Allah su daina tsaya masa. Ban taɓa ganin Alhaji Inuwa ya fusata ba sai ranar. Ya ce in sake faɗa ya ji, shi zan ce ya wuce Baba a titi yana tafiya a ƙasa, mutumin da ya tsaya masa a auren 'ya'yansa duka? Na ce to su gaisa kawai ya wuce. Ya ce na san ba zai yiwu ba, idan ya tsaya dole ya buɗe ƙofa, idan kuma ya ɗaga masa hannu daga cikin mota ko ya danna hon, wannan ya fi zagi. Sai da na fashe da kuka, na gaya masa maganar likita yadda take, sannan ya ce Allah ya yafe mana ni da shi. Malam Cornelius ya ce zai yi, amma in sani abin da ya fi ƙarfin tarbiyyarsa na ɗora masa. Na kuma roƙe su kada wanda ya gaya wa Baba cewa daga gare ni ne, don na san in ya ji, fitar ma gaba ɗaya zai daina.

Sun cika alkawari, Yaya, kuma wannan shi ne abin da ya sa na kasa barci. Washegari Baba ya fita, ya zaga unguwa da ƙafarsa, ya dawo jiƙe da gumi. Ina shirin yi masa barka na ga fuskarsa. Ya zauna a kujerar tsakar gida, bai cire takalman ba, bai taɓa karin kumallo ba. Can ya ce wa Gwaggo yau Inuwa ya wuce shi, ya kuma tabbata ya gan shi, don sai da ya kawar da kai. Gwaggo ta ce wataƙila sauri yake. Ya ce Cornelius ma sauri yake? Alƙali ma? Gwaggo ta dube ni, na sunkuyar da kai na shige kicin.

Tun daga ranar bai fasa fita ba ko sau ɗaya, kuma kullum nisan ƙaruwa yake. Ya fara bi ta ƙofar gidajen mutanen da ya sani, jiya har titin Hotoro ya kai. Ba don likita yake yi ba, na gane, dubawa yake ko akwai wanda zai tsaya. Sukari ya sauka, jinin ya daidaita, numfashinsa ya yi kyau, likita har yana cewa in gaya masa sirrin. Amma Baba ya daina zuwa majalisa, a masallaci ana sallamewa yake fitowa, ya rage magana, ko tsokanar Gwaggo ya bari. Su ma can ba daɗi suke ji ba. Alhaji Inuwa ya aiko matarsa ta gaya mini ya canja hanyar kai yara don kada su haɗu, kuma shi ba zai iya jurewa da yawa ba. Yau da safe Baba ya kira ni, ya ce ni ba mai mantuwa ba ce, in zauna in taya shi tuna mutanen da ya saɓa wa a zamanin aikinsa da zaman unguwa, yana so ya bi su ya nemi gafara tun yana da ƙafar zuwa. Ya ce mutane ba sa juya wa mutum baya haka kawai. Na ce masa ina zuwa, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

To ga inda nake, kuma ban san abin yi ba. Idan na gaya masa gaskiya, na san Baba, zai ji na tozarta shi a unguwa, ya ajiye takalman nan har abada, ko kuma motoci su koma tsayawa, mu koma inda likita ya gargaɗe mu. Idan na yi shiru, jikinsa yana warkewa amma ina kallon zuciyarsa tana karyewa a gabana, kuma ni na jawo. Kai ne babba, kuma yana jin maganarka fiye da ta kowa. Don Allah kada ka kira ni da faɗa, na riga na yi wa kaina wanda ya fi naka. Ka yi istihara, ka yi shawara da Anti Nabiha, ka gaya mini abin da ka gani. In ma za ka iya neman hutu ka zo, to ka zo, wataƙila kai ya yarda ku jera a titi.

Ka gaishe mini da Anti Nabiha da kyau, ka shafa mini kan Abdulbaƙi da Fatsuma, ka ce Antinsu tana kewarsu. Abban Salwa yana gaishe ka, har yanzu kunyarka yake ji a kan zancen Panisau. Salwa ta ce hotunan suna nan amma ta kasa buɗe su. Gwaggo ta ce a gaishe ka, a kuma gaya maka a wanke kununta daga zargi. Baba ya shigo yanzu ya same ni ina rubutu, da na ce kai nake rubuta wa ya ce in gaishe ka ƙwarai, in ce ya sa maka albarka. Har ya kai ƙofa ya dawo, ya ce in tambaye ka, tsakaninka da Allah, ko kai ma akwai abin da ya taɓa yi maka wanda ba ka faɗa ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Ummu Salma.