Na Sake Karɓar Aji Ɗaya, Mijina Bai Sani Ba

Yaya Burul, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a tsaunukan Narin. Kin san tsarinmu, wanda ya karɓi yara a aji ɗaya shi zai riƙe su har su gama aji huɗu. Mijina Talantbek yana tuƙin tasi a Mosko, ya daɗe yana cewa in bi shi. Kullum amsata ɗaya ce, bari wannan ajin ya fita. Sau biyu ajin yana fita, ni ban fita ba. Bana na rantse masa an gama, har ya kama mana ɗaki.

Ranar buɗe makaranta na je ne kawai in yi sallama. Ana kaɗa ƙararrawar farko, sai ga Aizada, wadda ni na koya mata riƙe fensir, ta jawo 'yarta da furanni ta damƙa min hannunta. Ta ce saboda ni ta sauko da wuri daga wurin kiwo a kan tsauni, ta bar mijinta da dawakai. Ban san lokacin da na shige aji da yarinyar ba, sauran yara suka biyo mu.

Ba albashi ne ya riƙe ni ba, kunya ma yake ba ni. Ranar da yaro ya fara haɗa baƙi ya ɗago ya kalle ni, wallahi ban san wani daɗi irinsa ba. Amma tsoro nake ji. Ko bara da na ɗaga tafiyar cewa ya yi, "Ki auri allon kawai, kowa ya huta." Dariya ya yi, amma ba ta wasa ba ce. Surukata ta gan ni da alli a hannun riga, ta ce in ban faɗa masa ba zuwa Juma'a ita za ta faɗa. Aurena zan riƙe ko yaran?

Malama mai fargaba, Narin

Ƙanwata,

Ki kira shi yau, kada ki jira Juma'a. Labarin nan daga bakin mahaifiyarsa zai fi zafi.

Mijinki yana da gaskiya. Mutum yana can cikin sanyi shi kaɗai, yana dafa wa kansa, ana ta ja masa rai. Ke ma kina da taki, son aiki ba laifi ba ne, kuma ƙauyen da iyaye suke neman malama da sunanta ya yi sa'a. Inda kika kauce shi ne wannan magana ta "bari ajin ya fita". Aji ba ya ƙarewa, wani na fita wani na shigowa, kin fi ni sani.

Ki faɗa masa kai tsaye cewa koyarwa kike so, sannan ki zo da abin da za ki bayar: hutun bazara gaba ɗaya a wurinsa, ko ku duba yadda zai dawo ya yi tuƙi tsakanin Narin da babban birninmu Bishkek. Ki saurare shi har ya gama, ko da faɗa ne. Idan kuma kika zaɓi tafiya, ki tafi cikin watan nan, kafin 'yar Aizada ta saba da hannunki.

Abu ɗaya na hana ki, kada ki sake ce masa shekara huɗu. Allah ya daidaita tsakaninku.

Burul