To Ɗin da Na Ce

Ingila, Maris 2006

Yaya Iliyasu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya a Bunkure. Yaya ƙafar Inna? An sako muku ruwan noman rani kuwa?

Mu nan alhamdu lillahi, sai dai jikin ƙaninka ya yi tsanani. Yana asibiti, ya daina magana.

Yaya, bara da ciwon ya fara, ya gaya wa likita cewa idan numfashinsa ya gaza, kada a sa masa injin taimakon numfashi. Da Turanci suka yi maganar, ban fahimci komai ba. Likitan ya dube ni, ni kuma ganin maigidana ya gama magana, sai na gyaɗa kai na ce to. Ashe shaida na zama. Yanzu numfashin ya gaza, na roƙi likitocin su sa masa injin har da kuka, sun ce a dokarsu maganarsa za su bi, ba tawa ba.

Don Allah ka tambayar mini Malam Nasiru ko da alhaki a kaina. Kada Inna ta ji tukuna. Jiya a waya ta ce in tabbatar an yi wa ɗanta duk abin da za a iya. Ita ma na ce mata to.

Ku sa mu a addu'a.

Matar ƙaninka,
Barira