Inci Uku a Ƙafar Wando

Abakpa, Kaduna
14 ga Yuli, 1992

Ya Safara'u, ruwan randata a tsakar bazara, inuwar mangwaron da nake gudu gare ta in rana ta take, barewata mai ƙafa kamar iska, sallama da gaisuwa irin ta wanda ya kasa ɗaga ido ya dube ki. Ya jikin? Ya idon sawun? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Sau huɗu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni da bakina ba ya mutuwa a shago, ni da nake yi wa kowa tsiya daga safe har la'asar, yau ga ni takarda ta gagare ni. Kunya ce, Safara'u. Wallahi kunya ce ta hana ni zuwa gidanku a Malali kwana tara, ba aikin ɗinki ba kamar yadda na aika ƙanwarki Hassana ta gaya miki.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona, shekara uku ke nan? Kika ajiye tsohon wando a kan keken ɗinki, kika ce irinsa kike so, ƙafarsa ta tsaya a saman idon sawu, kada ta wuce ko da faɗin farce. Na tambaye ki dalili, sai kawai kika jefa ƙafa gaba kika durƙusa kamar mai kamun kaza, har kika kifar da gwangwanin maɓallai. Muka yi ta tsinta muna dariya. A nan na fara jin akwai wani wasa wai shi sukwash, mutum biyu cikin ɗaki mai bango huɗu suna dukan 'yar baƙar ƙwallo da ba ta fi lemon tsami ba. Na ce a raina wannan ai aikin banza ne. Da na hau benen kulob ɗin da ake wasan na leƙo ki kina yi, kai! Tun ranar ban sake mallakar zuciyata ba. Kika je Legas kika ci, kika je Jos kika ci, kuma duk kofin da kika ɗauko, cikin ɗinkina kika ɗauko shi.

To ga abin da na yi, ki karanta shi a zaune. 'Yan majalisar ƙofar shagona sun daɗe suna cina da baki, wai matar da zan aura ƙwaurinta a waje, maza na leƙenta daga sama. Ina dariya a fuska, a ciki kuwa ina ƙuna. Da kika kawo yadin wasan ƙarshe, wanda duk wadda ta ci ita za ta tafi Alƙahira, sai na ɗauki alli na ƙara inci uku a ƙafar wandon. Da gangan na yi. Da safen wasan kika sa, kika ga ya sauka har dunduniya, na dube ki ido cikin ido na ce rara na bari don yadin zai koma in ya sha ruwa. Ƙarya nake yi! Yadin nan ko wata guda ya kwana a kogin Kaduna ba zai koma ba, kuma ba telan da bai san haka ba. Kika yarda da ni, kika naɗe ƙugun sau biyu kika shiga.

Ina tsaye a bene lokacin da naɗin ya warware, saura miki ci biyu kacal. Na ga dunduniyarki ta taka kalmasar da na yi da hannuna. Na ji ƙarar faɗuwarki a kan katako. Wayyo Allah! Har yanzu in na taka keke, ita nake ji.

Da a ce nan ta tsaya, da da sauƙi. Amma da na zo gaishe ki, kina kwance mai ɗori ya gama aikinsa, kika ce laifinki ne da ba ki gwada kayan tun da wuri ba, kika ce ƙila ma ƙafar ce ta fara gajiya, za ki rataye raket ɗin da kike dukan ƙwallo da shi mu yi aurenmu ki huta. Kin san abin da na ji? Daɗi na ji, Safara'u. Kina hawaye, ni kuma raina fari tas. Wane irin mutum ne wannan? Wane masoyi ne zai karya reshe don ya ci 'ya'yan bai sha wahalar hawa ba? Mahaifiyarki Inna Hansai ta kawo mini kunu tana sa mini albarka wai na tsaya miki, na karɓa na shanye. Tir da ni!

Ƙafarki ba ta gaji ba, hasken idona. Ba a haifi wadda za ta riga ki kaiwa ga ƙwallon nan ba a wannan ɗakin. Jiya na je na sami mai koyar da ke, Malam Abubakar, na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini. Ya ce targaɗen zai warke cikin mako shida, akwai kuma wata gasar a Legas bayan damina. Don girman Allah ki je. Ki nemi wani telan, akwai tsofaffin hannu a kasuwa da ba za su ci amanarki ba.

Kin san ranar Juma'ar nan ce manyana za su zo gidanku a sa mana rana. Na roƙi kawuna su dakata. Ba don na fasa ba, ina! In na fasa ki, wa zan so? Amma amincewar da kika ba ni, wani Ja'afaru kika ba, wanda ba ki san abin da ya aikata ba. Yanzu kin sani. In kin ga za ki iya yafewa, ki aiko Hassana, ko da bayan shekara ne, za ta same ni a kan kekena ban kalli kowa ba. In kuwa ba za ki iya ba, ba sai kin ce komai ba, shirun ya ishe ni amsa, ni na jawo wa kaina. Gara in rasa ki kina gudu da in same ki kina ɗingishi.

Ni ne naki, ko kin karɓa ko kin mayar, har ranar da za a auna mini likkafani,

Ja'afaru Tela