Zogalen da Na Dasa wa Inna

Birnin Kudu,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yaya Hadijatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa zaman Lakwaja ya zama alheri. Mu nan lafiya lau. Matata Na'ima ta warware daga zazzaɓin da ta yi, ƙafar Inna ma da sauƙi, tana zuwa asibiti duk wata kamar yadda likita ya ce.

Kin tambaye ni a waya dalilin da ya sa Inna ke maganar komawa Fagam, na kasa ba ki amsa saboda tana kusa da ni. To, ga yadda abin yake. Kin san tsakar gidanmu, tabarma uku ta cika shi, amma nan ne duniyar Inna tun da na ɗauko ta daga ƙauye. Bara Alhaji Maikuɗi, maƙwabcinmu na gabas, ya ɗora bene, tagoginsa biyu suka leƙo mana har bakin murhu. Ba wanda ya taɓa yi mana rashin mutunci, amma Inna ta daina fitowa sai da hijabi, daga baya ma ta daina fitowar. Ta ce ita ba ta saba tsefe kai a kasuwa ba, gara ta koma inda danga ke rufa mata asiri. Hankalina ya tashi ƙwarai, don in ta koma, ba mai kai ta asibiti.

Na kira magini, ya ce katangar ba za ta ɗauki ƙarin bulo ba. Sai na yi dabara irin tamu ta 'yan boko. Na samo rassan zogale goma sha biyu daga Dingaya, na jera su a jikin katanga, ina ba su ruwan wanke-wanke safe da yamma. Damina na sauka suka wuce katanga, ganye ya yi luf, tagogin suka ɓace. Inna ta fito ta shimfiɗa tabarmarta, ni kuma ina ta hura hanci.

Abin da ban lissafa ba shi ne halin Inna. Matan unguwa suka hango zogale, wannan ta shigo neman na kwaɗo, waccan na miya, wata ta ce na mai jego ne. Kin san ta, ko ba a roƙa ba sai ta bayar. Har gora ta sa aka samo mata don a riƙa tanƙwaro na sama. Kafin wata biyu zogalen nan ya koma sanduna, tagogin suka dawo sarai. Da na yi ƙorafi, sai ta dube ni ta ce duk karatuna ban san ba a yin labule da abin miya ba, kuma ita ba za ta hana maƙwabci ganye don ta ɓuya masa ba. Na ɗauka shi ke nan, har na fara tunanin motar da za ta kai ta.

Wata ranar Juma'a ta ba wani direban Gwaram saƙo, na zaci kayanta take son a fara kai mata gida. Ashe irin soso ta aika a karɓo daga wurin Gwaggo Ummussalma a Fagam. Ta sa na ɗaura igiya daga sandunan zogalen zuwa rufin kicin, ta ce soso ba mai cin ganyensa, ko akuya sai ta rasa abin yi. Da hannunta ta shuka, tana dafe da gwiwa, ta hana ni taɓawa wai hannuna na malamin makaranta ne, alli kawai ya sani. Yanzu ya fara kama igiya. Ba na ce zai rufe kafin rani ba, komai nisan jifa dai ƙasa zai faɗo, za mu gani.

Amma jiya ina sauraro tana gaya wa Na'ima cewa in soson ya bushe, a ware mata manya guda biyu a rataye a ɗakinta, don irin baɗi. Yaya, wallahi sai da na shiga ɗaki na share hawaye. Don Allah in kin kira ta kada ki tayar da zancen Fagam.

Ki gaishe min da maigida Malam Yahuza, da Khuzaima, da Ummi 'yar gidana. Inna da Na'ima suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Musaddiq.